Filin Tambayoyinku: Daga yin afdet, kebul ya daina kawo intanet

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni huɗu na ware cikin waɗanda suka shigo dan kusan duk kukansu ɗaya ne, an kwanta da intanet an tashi babu shi, kuma ba abin da ya shiga tsakani sai afdet, wato sabuntawar da kwamfuta ke saukewa ta saka wa kanta. Ba maganar WiFi muke ba, maganar kebul ɗin nan ce da ake jonawa daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, zuwa jikin kwamfuta, wanda ake ce wa Ethernet ko LAN. Zan riƙa cewa kebul, dan in na ce waya wani zai ɗauka ta hannu nake nufi.

TAMBAYA TA FARKO

"Salam Malam ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema wlh abin ya isheni. Kwamfutata ta tebur ce Windows 11, bata da WiFi da kebul kawai nake jona ta da rauta, shekara biyu kenan ban taɓa samun matsala ba, shekaranjiya da daddare nazo kashewa ta nuna min update and shut down na danna na tafi na kwanta, da safe ina kunnawa sai naga alamar duniyar nan a ƙasa wai babu intanet, na kashe na kunna yafi sau biyar na zare kebul na mayar shiru, alhali duk wayoyin gidan suna samun WiFi daga rauta ɗin lafiya lau. Abokina yace kawai inyi fomatin in saka sabon Windows ni kuma duk ayyukana suna ciki. Ya zanyi?"

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka gaishe min da abokin nan naka, ka ce na ce ya dakata tukuna. Fomatin a irin wannan matsalar gudun gara ne a faɗa gidan zago, dan shi kansa Windows 11 lokacin da ake saka shi sabo yana neman intanet kafin ya bar ka ka ƙarasa, to in ya zo bai gane katin netwok ɗinka ba ka ga kenan ana kukan targaɗe sai ga karaya, ga ayyukanka sun tafi ga intanet bai dawo ba.

Abin da nake so ka fara yi shi ne ka gano a ina abin ya tsinke kafin ka taɓa komai. Daga rauta zuwa burauzarka akwai gaɓoɓi, akwai kebul ɗin kansa da wutar da ke bi ta cikinsa, akwai direba wato ɗan shirin da ke sa Windows ya iya magana da katin netwok, akwai adireshin da rauta ke ba kwamfutarka, sannan akwai mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Mutane suna ɓata awanni ne saboda suna gyara gaɓar da lafiyarta ƙalau. Kuma ka riƙa canza abu ɗaya ka gwada kafin ka je na gaba, in ka canza biyar lokaci guda ko ya gyaru ba ka san wanne ya yi maganin ba, gobe ya dawo ka koma 'yar gidan jiya.

Ka ce ka kashe ka kunna sau biyar. To wane ka danna, Shut down ko Restart? Ba ɗaya ba ne wallahi. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012 aka shigo da wani abu mai suna Fast Startup, wanda idan ka danna Shut down kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye halin da direbobi suke ciki ne a kan faifai ta ɗauko shi kamar yadda yake in ka kunna, dan ta tashi da sauri. Ma'ana in direban kebul ya ruɗe, ruɗewar tasa kake ajiyewa kana ɗaukowa sau biyar. Restart shi ne yake tashin komai daga farko. A watan Disamba na 2016 an yi wata irin wannan a Windows 10, kwamfutoci da yawa suka daina karɓar adireshi daga rauta, kuma shawarar farko da Microsoft ya bayar ita ce a danna Restart ba Shut down ba, kafin daga baya ya saki gyara. To fara da wannan.

In bai yi ba, tashi ka zagaya bayan kwamfutar ka duba ramin da kebul ya shiga. Yawancinsu akwai 'yan fitilu biyu a bakin ramin, ɗaya a kunne ɗaya tana ƙiftawa, haka ma a jikin rauta akwai fitilar ramin da ka jona. In duk a mace suke to ko dai kebul ne ko ramin ne ko kuma katin a kashe yake. Canza rami a jikin rauta, in da wani kebul ka gwada shi. Na san za ka ce ai afdet ne ya jawo meye ruwan kebul, to ni ma na taɓa cewa haka. Wani ofis da na taɓa yi wa aiki aka kira ni da safe wai afdet ya kashe intanet ɗin kwamfuta ɗaya, na zauna wajen awa biyu ina cire direba ina mayarwa ina ta zufa, sai da biro na ya faɗi ƙarƙashin tebur na sunkuya ɗaukowa sannan na ga ɗan harshen robar nan na kan kebul ya karye, kan ya zamo waje kaɗan, yana cikin ramin amma bai kai ƙarshe ba, da alama ƙafar kujera ce ta ja shi. Na tura shi da yatsa fitila ta kawo. Faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama, afdet ɗin ba ruwansa. Tun daga ranar sai na duba fitila kafin in taɓa maus.

Wani abu kuma da ya shafi ta tebur irin taka, kashe ta, zare wayar wutarta daga soket gaba ɗaya, danna madannin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa ashirin, ka ɗan jira sannan ka mayar. Dalili, katin netwok yana samun 'yar wuta ko kwamfutar a kashe take muddin tana jone da soket, shi ya sa wani lokaci za ka ga fitilar ramin a kunne da daddare, to in katin ya maƙale a wani hali sai an yanke masa wutar kwata-kwata yake farfaɗowa. Abin kamar wasa amma yana aiki.

Yanzu mu zo inda na fi zargi a matsalarka, direba. Danna madannin dama na maus a kan Start ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Network adapters. Ka nemi mai ɗauke da suna irin Realtek PCIe GbE Family Controller ko Intel Ethernet Connection, yawancin kwamfutoci ɗayan biyun nan ne. In ka ga ɗan kibiya mai kallon ƙasa a jikinsa to kashe shi aka yi, danna dama ka ce Enable shikenan. In alamar motsin rai ce cikin kusurwa uku mai ruwan ɗorawa to direban ne ya ƙi tashi, in ka buɗe za ka ga wani abu kamar Code 10 ko Code 31. Shiga Properties, shafin Driver, ka duba madannin Roll Back Driver. In yana dannuwa danna shi, zai mayar da kai kan tsohon direban da ya yi maka aiki shekara biyu, da tsohuwar zuma ake magani. Abin da mutane ba su sani ba shi ne Windows Update ba Windows kaɗai yake sabuntawa ba, yana canza direbobi ma ba tare da ya yi sallama ba, kuma ba kullum sabon ke dacewa da katinka ba. In madannin ya dushe ba ya dannuwa, to danna Uninstall device amma kar ka sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a goge direban, sai ka yi Restart, Windows zai sake gano katin da kansa.

In kuwa ba ka ga katin ba sam a Network adapters, duba ƙarƙashin Other devices, za ka iya ganin wani abu wai Ethernet Controller da alamar rawaya, wannan katinka ne Windows ya manta sunansa. Nan ne mutum ke shiga tsaka mai wuya, ana buƙatar intanet a sauke direba, direban kuma shi ne zai kawo intanet. Mafitar tana aljihunka. Jona wayarka ta Android da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, shiga saitin ɗinta wajen hotspot ka kunna USB tethering, nan take kwamfutar za ta samu intanet ta wayar, kuma tunda wayar tana kan WiFi ɗin gida ba sai ka ƙona data ba. Sai ka je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, ko na madabod ɗin in haɗa ta aka yi, ka rubuta lambar samfurin ka sauke direban LAN. In ba ka san wane kati ne ba, a Properties ɗin nan shiga Details ka zaɓi Hardware Ids, in ka ga VEN_10EC Realtek ne, in VEN_8086 ne Intel. Dan Allah ka guji manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi da danni ɗaya, ni dai ban taɓa ganin alherinsu ba, sai tallace-tallace da tarkace.

Tunda kana cikin Properties ɗin katin, leƙa shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin dan tattalin wuta, sannan a Advanced in ka ga Energy Efficient Ethernet ko Green Ethernet ka kashe su ka gwada. Waɗannan sun fi jawo matsalar yana zuwa yana ɗaukewa, musamman bayan kwamfuta ta tashi daga barci.

To idan fitila na ci, direba lafiya, amma shiru? Buɗe baƙin allon nan, rubuta cmd a Start, ka buga ipconfig /all ka nemi layin IPv4 Address a ƙarƙashin Ethernet. In ya fara da 192.168 ko 10 to rauta ya ba ka adireshi. In ya fara da 169.254 to kwamfutar ta nema ba a amsa mata ba sai ta ƙirƙiri nata, wanda ba ya kai ta ko'ina. Buga ipconfig /release sannan ipconfig /renew, in ya ƙi kashe rauta na minti ɗaya ka kunna. In adireshin mai kyau ne, buga ping, umarnin gwada ko wata na'ura za ta amsa, da lambar da ke layin Default Gateway, wato rauta kenan, in ya amsa sai ka buga ping 8.8.8.8 wanda na Google ne. In wannan ma ya amsa amma burauza ba ta buɗe shafi, to intanet ɗinka na nan, DNS ne ya kwanta, shi ne mai juya suna zuwa lamba. Buga ipconfig /flushdns, in bai isa ba ka sa DNS da hannu, 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Af, kuma kar ka yarda da alamar duniyar nan ido rufe, Windows yana gane akwai intanet ne ta hanyar tuntuɓar wani ɗan shafi na Microsoft, in wani abu ya tare wannan tuntuɓar sai ya ce babu alhali akwai, dan haka buɗe burauza ka gani da idonka.

Ba ka faɗa min ko kana da VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata ɓoyayyiyar hanya, ko antibairos na wani kamfani ba. Irin waɗannan suna cusa nasu ɗan direban a tsakanin Windows da katin netwok, in Windows ya sabunta su ba su sabunta ba sai su zama shinge. Kashe su kawai ba ya isa wani lokaci, cire su za ka yi gaba ɗaya ka gwada, in ya so ka mayar da sabon fitowa daga baya.

In duk an bi an rasa, buɗe cmd a matsayin administrator ka buga netsh winsock reset sannan netsh int ip reset ka yi Restart. Gaba da wannan akwai Network reset a cikin Settings, Network & internet, Advanced network settings, shi yana cire duk katunan ya mayar da su kamar sabbi, kwamfutar ta sake tashi bayan minti biyar. Sannan na ƙarshe, cire afdet ɗin kansa, Settings, Windows Update, Update history, Uninstall updates, ka duba wanda kwanan watansa ya yi daidai da shekaranjiya. In kuma babban afdet ne irin na shekara-shekara, to System, Recovery, Go back. Amma ka lura kwana 10 kacal Windows ke ba ka na komawa baya, bayan nan yana goge foldar Windows.old ƙofar ta rufe, kai kuma ka riga ka ci biyu. Kar ka bari wani ya ce bari ya share maka tarkace dan a samu wuri a kwanakin nan, foldar zai tafi da ita.

TAMBAYA TA BIYU

"Malam barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni a wajen aikinmu ne, kwamfutar da nake amfani da ita tayi afdet mai tsawo har ta kashe kanta sau uku, bayan ta gama intanet ya ɗauke, wata abokiyar aikina ta taɓa wani abu a saitin ya dawo, to amma yanzu firinta bata gani na kuma foldar da muke ajiye takardu tare bata buɗuwa, sauran mutane duk nasu na yi. Mai kula mana da kwamfutoci yayi tafiya. Inyi network reset ɗin da nake gani ana faɗa?"

AMSA

Amin 'yar'uwa, na gode. A'a kar ki yi Network reset a kwamfutar ofis, ki bar shi. Abin da nake zato, kuma zato ne tunda ban ga kwamfutar ba, shi ne a da an sa mata adireshi tsayayye da hannu, abin da ake ce wa static IP, ofisoshi da yawa haka suke yi. Babban afdet irin wanda ya kashe kansa sau uku kusan sake saka Windows ne a kan tsohon, kuma a cikin haka yana iya ɗaukar katin netwok a matsayin sabo, saitin da aka yi wa tsohon ya bi ruwa ko ya ruɗe. Abokiyar aikinki wataƙila ta mayar da shi kan karɓar adireshi kai tsaye daga rauta, shi ya sa intanet ya dawo, amma in foldar da firintar sun saba ganinki da tsohuwar lamba ko kuma DNS ɗin cikin ofis ne ke nuna hanyar zuwa wajensu, to yanzu ke baƙuwa ce a wurinsu. Network reset zai ƙara share duk wani saitin da ya rage ne, har da na VPN in akwai, mai kula da ku ya dawo ya tarar da aiki biyu.

Abu ɗaya da za ki iya dubawa da kanki ba tare da ɓarna ba, shiga Settings, Network & internet, Ethernet, ki ga an rubuta Public ko Private. In Windows ya ɗauka sabon netwok ne yakan sa shi a Public, wato kamar kina wurin da ba ki yarda da kowa ba, sai ya rufe ƙofofin ganin juna da raba fayil. Mayar da shi Private ki gwada. In kin ga an rubuta Domain kuma to ki bar shi yadda yake, wannan ba hurumin ki ba ne.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki leƙa kwamfutar ta kusa da ke ki kwafi lambarta ki sa a taki, ko ki canza lambar ƙarshe da ka. In na'ura biyu suka ɗauki adireshi ɗaya dukansu za su riƙa ɗaukewa, kuma in aka yi rashin sa'a lambar firinta kika ɗauka ofis gaba ɗaya zai tsaya. Ki buga ipconfig /all a taki da kuma a ta wadda nata ke aiki, ki ɗauki hoton duka biyun da waya ki tura wa mai kula da ku, daga inda yake zai gane bambancin cikin minti ɗaya ya faɗa miki lambobin da za ki sa.

Akwai kuma yiwuwar ba adireshi ba ne sam. In foldar nan tana kan wata tsohuwar na'urar ajiya ce, sababbin Windows sun ƙara tsauri a kan yadda ake shiga irin waɗannan. Tsohuwar hanyar da ake kira SMB1 tun 2017 Microsoft ya fara daina saka ta a sabon Windows 10, sannan Windows 11 na 24H2 ya zo da ƙarin sharuɗɗa har da hana shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri a samfurin Pro. Za ki ga a intanet ana cewa kunna kaza kashe kaza zai buɗe, eh zai buɗe, amma rage tsaro ne, kuma shawarar mai kula da ku ce ba taki ba.

TAMBAYA TA UKU

"Yallaɓai ni ɗalibi ne ina koyon Linux, Ubuntu na saka a tsohuwar laftof ɗina. Nayi sudo apt upgrade komai ya tafi daidai nayi ristat, yanzu wired connection ɗin ma ya ɓace gaba ɗaya daga saitin kamar ba'a taɓa yinsa ba. Ko katin ne ya ƙone?"

AMSA

Ƙanena katinka bai ƙone ba in sha Allah, kuma taka ta fi ta kowa sauƙin ganewa. A Linux yawancin direbobi tare suke tafiya da kanel, wato zuciyar tsarin, to in apt ya kawo sabon kanel kuma wani ɓangare na direbobinsa bai sauka ba, sai ka tashi a kan kanel da bai san katinka ba. Abin daɗin shi ne Ubuntu ba ya goge tsohon nan take. Yi ristat, lokacin da take tashi ka riƙe Shift ko ka riƙa danna Esc har allon GRUB ya fito, wato allon da ake zaɓar abin da kwamfuta za ta tashi da shi, zaɓi Advanced options for Ubuntu, ka ɗauki kanel mai lambar da ta fi ƙanƙanta. In kebul ya dawo to ka kama ɓarawon.

Kana cikin tsohon, da intanet a hannunka, buga df -h ka ga ko wuri ne ya cika musamman /boot, dan cikar wuri na sa afdet ya tsaya a rabi ba ka lura ba. Sannan sudo dpkg --configure -a da sudo apt -f install su ƙarasa abin da ya rage. A wasu fitowar Ubuntu akwai kunshin da ake kira linux-modules-extra mai lamba daidai da ta kanel ɗin, direbobi da yawa a cikinsa suke, ka duba ko na sabon kanel ɗin ya shiga, in bai shiga ba ka saka shi. Dan ka tabbatar, a cikin sabon kanel buga lspci -k ka nemi layin Ethernet controller, in babu layin Kernel driver in use a ƙarƙashinsa to kati na nan direba ne babu.

In katin Realtek ne akwai wani tsohon rikici, direban da ke zuwa da kanel sunansa r8169, akwai kuma na kamfanin mai suna r8168 da mutane ke sakawa da hannu in sun bi wani darasi a intanet. Shi wannan na biyun sai an sake gina shi duk lokacin da kanel ya canza, in ginin ya faɗi ko Secure Boot, wato tsaron da ke hana direban da ba a tantance ba tashi, ya ƙi karɓarsa, kuma dama an toshe na farkon lokacin saka shi, sai ka tashi ba wan ba ƙanin. In ka tuna ka taɓa saka r8168-dkms, cire shi ka koma na asali ka gani. Sannan buga ip a ka duba sunan katin, irin enp3s0, in ka taɓa rubuta saitin da hannu a /etc/netplan ka tabbata sunan da ke cikin fayil ɗin shi ne dai wanda kake gani yanzu, harafi ɗaya ya bambanta ba zai tashi ba. Kuma ka ji daɗinka, wanda bai taɓa rasa netwok bayan afdet ba bai fara koyon Linux ba tukuna.

TAMBAYA TA HUƊU

"Malam ni gaskiya wannan abin ya taɓa faruwa dani sau biyu, yanzu so nake ka koya min yadda zan kashe afdet ɗin nan har abada in huta, ko kuma in tara kuɗi in koma Mac tunda ance su basa irin wannan."

AMSA

Ɗan'uwa wanda ya ce maka Mac ba ya yi bai ba ka labari duka ba. A watan Fabrairu na 2016 Apple ya tura wani ɗan afdet na ɓoye wanda bisa kuskure ya sa direban Ethernet nasa na kansa cikin jerin waɗanda aka haramta, mutane suka tashi ramin kebul na iMac da MacBook Pro ya mutu, sai da kamfanin ya sake tura gyara. Kowa na yi.

Kashewa har abada kuwa ba zan koya maka ba, ka yi haƙuri. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da na asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar da ta bi ta shiga, waɗanda ba su yi afdet ba su ta kama. Rasa intanet na yini ɗaya da rasa fayilolinka duka ba ɗaya ba ne. In ma Windows 10 kake kai, shi tallafinsa na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, wannan wata maganar ce ta daban da za mu yi wani makon.

Abin da za ka iya yi shi ne jinkirtawa. A Windows Update akwai Pause updates har zuwa mako biyar, in kana da aiki mai muhimmanci a gabanka ka dakatar sai ka gama, kuma babban afdet kar ka zama na farkon karɓa, bari wasu su fara taka ƙayar. Tunda sau biyu ya yi maka, ina kyautata zaton direba ɗaya ne Windows ke ta canza maka, dan haka yau da intanet ɗinka ke aiki je shafin kamfanin kwamfutarka ka sauke direban LAN ka ajiye a filash, ka buɗe Device Manager ka ɗauki hoton shafin Driver inda lambarsa da kwanan watansa suke, dan in an canza ka gane. In da hali ka ajiye ɗan adaftan nan na USB mai ramin kebul a jikinsa, yawancinsu Windows na gane su da ka soka ba sai ka saka komai ba, ranar da na cikin kwamfutar ya yi gardama shi za ka jona ka sauke gyaran.